Sanarwa ga masu shirin tura gyara zuwa kernel na Linux

Salamu alaikum ƴan uwa. Ga masu son tura gyaransu na farko zuwa kernel, wato zuciyar manhajar Linux, mu shugabannin rukuni muna so ku kiyaye waɗannan tukuna.

Kowane gyara ya tsaya kan matsala ɗaya. Idan kun taɓa abu uku, ku raba su uku, don wanda ya lalata wani abu a iya cire shi shi kaɗai. Kafin turawa ku bi da shi ta checkpatch.pl, manhajar da ke duba tsarin rubutun gyara, sannan manhajar get_maintainer.pl ta nuna muku masu kula da sashen da kuka taɓa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen turawar, wadda ta imel ake yin ta. Wanda ya liƙa gyara a shafin Gmail, shafin zai mayar da tab zuwa tazara, ya karya dogayen layuka, sai git am, umarnin da ke ɗora gyaran da ya zo ta imel, ya ƙi karɓa. Saƙon HTML kuwa ana watsi da shi tun daga ƙofa. Ku yi amfani da git send-email, ku fara tura wa kanku ku gwada ko ya hau. Kada ku manta da layin Signed-off-by, wanda aka wajabta tun 2004: shi ne shaidar kuna da ikon ba da gyaran.

In an yi shiru, ku ba shi aƙalla mako guda kafin tuni, musamman a makonni biyun da Linus Torvalds, jagoran aikin kernel, ke haɗa sababbin ayyuka. In an yi muku gyara, ku turo v2, wato siga ta biyu ta gyaran, ku jera abin da ya canza a ƙarƙashin layin ---.

Zagi da gori sun saɓa ƙa'idar ɗa'a ta kernel ta 2018, a nan rukunin ma za mu goge su.