A duba ƙafafun ƙarfen rataye keke kafin a saya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 mutane da yawa a nan Kaduna suka koma kan keke, nima ina ciki, kullum daga Tudun Wada zuwa Kawo. To gyara fa? Da kifa keken nake yi a ƙasa in shafa wa sarƙa mai, sirdi ya goge, bayana ya riƙe, saita giya kuwa sai wahala tunda kana so taya tana juyawa a sama kana murza feda da hannu.

Shi ya sa nake ba 'yan uwa shawara su nemi ƙarfen rataye keke, wato mai riƙe keke a sama lokacin gyara, amma don Allah a fara duba ƙafafunsa, tsakar gidajenmu ba a shafe take ba, mai ƙafa uku masu faɗi shi ke zama daram, wanda na fara saya ƙafarsa 'yar siririya ce ina ɗora Phoenix ɗina ya kife da shi har fitila ta fashe, wallahi abin ya min ciwo. Bakin da ke kama keken kuma ya zama da roba, sannan a kama sandar sirdi, in ka matse jikin keken alminiyam sai ya lotsa. Tsayin ƙarfen ya kai ƙirjinka.

Wanda kuɗinsa bai kai ba ya je kasuwar Panteka da keken nasa, masu walda su auna su haɗa masa, ya tsaya a gwada a gabansa kafin ya biya.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna