Wasiƙa Daga Kano: Jinyar Baba

Gwammaja, Kano

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Fatakwal, ya iyali? Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, jinyar Baba ce ta sha mana kai.

Tun bara yake cewa tafin ƙafarsa kamar kiyashi na yawo a ciki. Muka ce sanyi ne, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ranar da hankalina ya tashi, muna dawowa daga sallar asuba na ga silifas ɗaya ne a ƙafarsa. Ɗayan ya zame tun bakin masallaci, shi ko bai ji ba. Da an ɗauke wuta kuwa sai ya kama tangaɗi yana laluben bango.

A Asibitin Malam Aminu Kano aka gwada jininsa, aka ce ƙarancin bitamin B12 ne ya taɓa masa laka. Likita ya ce bitamin ɗin ne ke kula da rigar jijiyoyi. In ya yi ƙaranci rigar sai ta lalace, saƙon ƙafa ya daina isa ƙwaƙwalwa daidai. Na ce ranka ya daɗe, mutumin da nama da nono ba sa yanke masa? Ya ce ci daban, jiki ya tsotsa daban. Metformin ɗin da Baba ya shekara 12 yana sha na ciwon suga kan rage tsotsar, hanta kuma tana da ajiyar shekaru, shi ya sa ciwon ke zuwa a sanɗa. Abin da ya fi ci mini rai, folik asid ɗin da muke saya masa a kemis don ƙarin jini yana gyara jinin, laka kuwa tana ta lalacewa.

Yanzu allurar B12 ake masa. Da farko yau a yi gobe a huta, daga baya aka tsaitsaita. Alhamdu lillahi yana zuwa masallaci da sanda, amma yatsun har yau ba ya jinsu sosai, kuma an ce abin da ya daɗe ba lallai ya dawo duka ba.

Na tuna Hajiya ma Metformin ɗin take sha. Don Allah kada ta daina, amma ka sa a gwada mata B12 cikin watan nan, ko da ba ta koka da komai ba. Ka gaishe mini da ita da kyau, in sakamakon ya fito ka kira ni.

Wassalam,
Amininka