Rahoton ayyukan shekarar 2024 ga mambobin ƙungiyarmu ta fatake a Maraɗi

Assalamu alaikum. Alhazai da hajiyoyi, iyayenmu da ƙannenmu, kwamiti ya ɗora mini nauyin rubuta abin da muka yi a wannan shekara, kuma tun da fari in gaya muku, yawancin zamanmu a kan canjin sefa da naira ya ƙare.

Sefarmu ba ta motsa ba. Tana ɗaure da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, kuma rabon da a karya darajarta tun Janairun 1994. Sai dai kasuwarmu tana kudu, a Jibiya da Katsina da Dawanau, inda naira ke magana. Tun da gwamnatin Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, dalar Amurka da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai wajen 1.500 a Fabrairun 2024. Jikkar sefa da muke canzawa naira dubu da ƴan kai a farkon 2023, bana ta haura dubu biyu.

Faɗuwar kaɗai da sauƙi, mutum zai iya lissafi da ita. Abin da ya karya mu shi ne hawa da sauka. An buɗe iyakar Ɗan Isa a watan Maris, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai kuma naira ta farfaɗo a Afrilu. Jama'a suka ce wahala ta ƙare. Ɗaya daga cikinmu, ba sai na kama suna ba, ya kai kayansa bayan ƙaramar Salla, ya bayar bashi ga abokin cinikin da suka daɗe tare, aka yanka kuɗi da naira. Mutumin kirki ne, ya biya cif kafin Layya, ko kwabo bai rage ba. Amma da ɗan uwan namu ya zauna gaban ɗan canji aka buga lissafi, abin da aka miƙo masa bai kai uwar kuɗin ba, balle kuɗin kamiyo da na duwan. Ni na raka shi ranar. Ya ƙirga sau biyu, ya naɗe ya sa aljihu, har muka iso gida bai ce uffan ba.

Wannan ne ya sa muka kira babban zama, aka daɗe ana ja-in-ja. Dattawa suka ce ba a yi wa abokin ciniki na shekara da shekaru sharaɗi, kunya ce. Matasa suka ce kunya ba ta biyan bashin banki. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk bashin da zai kwana, a yanka shi da sefa, ko a rubuta canjin ranar a takarda gaban shaidu. Wanda kuma ya karɓi naira, ko dai ya canza nan take, ko ya sayo kaya da ita ya dawo. A ganina wannan shi ne aiki mafi amfani da muka yi bana, ko da yake har yanzu akwai masu jin nauyin fito da takardar.

Mun kuma sa mutum biyu suna aiko da farashin canji kowace safiya ta WhatsApp, ɗaya daga babbar kasuwa, ɗaya daga bakin iyaka.

Ba kowa ya yi kuka ba. Masu shigo da robobi, taliya, sabulu da kayan gini sun sami kaya da arha, tunda sefa ta yi ƙarfi a can. Amma arhar nan ita ta hana mu abin da muka daɗe muna nema. Baƙon da muka yi ta zama da shi kan kafa injin matsar man gyaɗa ya janye. Hujjarsa ita ce, zai zuba jari da sefa, ya biya ma'aikata da sefa, sannan duk ranar da naira ta sake faɗuwa man Najeriya ya shigo ya kashe masa kasuwa. Ba mu sami amsar ba shi ba. Masu jiran jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, su riƙe wannan a rai: dogo zai rage kuɗin dako, ba zai tsayar da canji ba.

A Oktoba gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. Mun sanar da kowa, mun kuma ja kunnen masu bin hanyar daji. Kayan teku kuwa har yanzu ta Lome suke zuwa saboda iyakar Benin a rufe take, kwanakin hanya sun ƙaru, jari yana kwana cikin mota.

Asusun taimakon juna ya tallafa wa waɗanda canji ya kayar, amma ya yi ƙasa sosai. Ma'aji zai karanta lissafinsa dalla-dalla a zama mai zuwa. Waɗanda ake bi kuɗin wata su taho da shi, don Allah, da sefa.

Magatakarda, a madadin kwamiti