Kowace Ƙaramar Hukuma Ta Bayyana Hanyoyin Da Ke Wuyanta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu a kan hanyoyin karkara, musamman a kan tambayar da ke tasowa duk damina idan kwalbati ya rufta, wato hanyar ta wace ce, kuma wa zai gyara ta.

A takarda dai rabon a fili yake. Manyan hanyoyin da ke haɗa jihohi, irin wadda ta taso daga Kano ta bi ta Zariya zuwa Kaduna, na gwamnatin tarayya ne, kuma tun 2002 aka kafa hukumar FERMA domin gyaransu. Jihohi suna da nasu. Sauran kuwa, wato burjin da ke shiga ƙauyuka da layukan cikin gari, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya gina su da kula da su da magudanan ruwansu cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Matsalar tana farawa ne a hanyar da wani ya gina ya tafi. Ɗan majalisa ya kawo aikin mazaɓa, ko gwamnatin jiha ta shimfiɗa kwalta gab da zaɓe, a yi bikin buɗewa, a watse, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya da ke miƙa hanyar ga wata hukuma ba. Haka ta faru da hanyar da ke kai mu kasuwar mako. Da ruwa ya cinye gefen kwalbatinta, dattawan gari suka je sakatariya aka ce musu aikin jiha ne, suka je ma'aikatar ayyuka aka ce ba ta cikin lissafinsu. Yanzu duk ranar kasuwa sai direbobin a-kori-kura su sauke buhunan masara a bakin ramin, 'yan dako su tsallaka da su a ka, a sake lodi a ɗaya gefen, kuma kuɗin dakon daga aljihun manomi yake fita. Aikin da tifa biyu ta marmara da buhunan siminti kaɗan za su gama a farkon damina, ya zama sai an ba da kwangilar sabuwar gada.

Hanyar da ba a san mai ita ba, ba ta da mai tsaron iyakarta ma. Maƙwabtan gona sukan ci kunya ɗaya bana, su ƙara wata baɗi, har hanyar da motoci biyu ke wuce juna ta koma da ƙyar amalanke ke bi. Ta haka ne burtali da yawa suka ɓace, kuma kowa ya san irin rigimar da toshe burtali ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi.

Shekara da shekaru uzurin shugabannin ƙananan hukumomi shi ne kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa na jiha, kuma akwai gaskiya a cikin wannan kuka. Amma kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kashi 20.60 cikin ɗari ne, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗin kai tsaye. Ko ta wace kafa kuɗin suka iso, akwai harajin kasuwa da na tasha da ake yanka wa rasiɗi kowane mako daga hannun mutanen da ke bin waɗannan hanyoyi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka ina kira ga kowace majalisar ƙaramar hukuma da ta zauna da hakimai da dagatai ta fitar da rajistar hanyoyinta, mai ɗauke da sunan kowace hanya da tsawonta da faɗinta da inda ta fara da inda ta ƙare, a liƙa ta a sakatariya da ƙofar fadar hakimi. Duk wanda zai gina sabuwar hanya, ko gwamna ne ko sanata, a rubuta tun kafin gireda ta fara aiki wa zai karɓe ta bayan an gama. Sannan a ware wani kaso sananne na harajin kasuwa domin gyara kawai, a kashe shi a watannin Maris da Afirilu wajen yashe lambatu da cike ramuka kafin ruwan farko ya sauka. Mutanenmu ba su taɓa ƙin fitowa aikin gayya ba, abin da suke nema daga hukuma shi ne marmara da siminti da injiniyan da zai nuna musu inda za a sa kwalbati.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Wani manomi mai karanta jaridarku,
daga Jihar Kano.