Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Fargabar Dawowar Sankara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Dalilin wannan takarda shi ne labarin da ƙanwarki ta kawo mini, cewa tun da kika gama gashin sankarar nono da ake yi da hasken na'ura a asibiti ba ki samun barcin kirki, kina tashi cikin dare kina lalubar tabon aikin da hammatarki, kuma ranar da aka ba ki ta komawa asibiti ta wuce ba ki je ba. Na gwammace in rubuto da in kira ki a waya domin na san halinki: da na taɓo maganar za ki ce "lafiya lau, Inna", ki sako zancen yara.

Ban ga laifinki ba a kan tsoron, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Macen da aka cire wa nono, ta sha kemo, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe sankara, har sumarta ta zube, dole gabanta ya faɗi duk sanda wani wuri ya motsa a jikinta. Likitoci sun san wannan fargaba, sun kuma san ta fi tsananta bayan an gama magani, lokacin da 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, kowa yana cewa ai an warke. Kada ki yarda wani ya ce miki raunin imani ne.

Abin da ba zan goyi bayanki a kai ba shi ne ƙaurace wa asibiti. Gaskiya ne sankarar nono tana iya dawowa, kuma haɗarin ya fi yawa a shekarun farko, shi ya sa ake ganin mace duk wata 3 zuwa 6 a shekara 3 na farko, daga nan a riƙa tazara har ya koma sau ɗaya a shekara, tare da hoton nonon da ya rage kowace shekara. Idan ta dawo a wurin tabon ko a hammata aka gano da wuri, ana yin maganinta. Ƙin zuwa ba ya hana ta dawowa, sai dai ya ba ta lokaci.

Lalube kuwa na dare da rana ba ya nuna miki komai, sai ma ya sa wurin ya yi tsami ki ɗauka wani abu ne. Tabon aiki yakan yi tauri, yakan yi zugi ko ya mutu na watanni, kuma hannun ɓangaren da aka cire kaluluwar hammata yana iya kumbura saboda ruwan jiki ba ya wucewa kamar da. Wannan kumburin shi ma a nuna wa likita, amma sau da yawa ba sankarar ba ce. Ki ware rana ɗaya a wata ki duba jikinki a tsanake. Abin da za ki kai asibiti ba tare da jiran ranarki ba shi ne sabon ƙullutu a tabon, ko a hammata, ko saman ƙashin wuya, da ciwon ƙashi ko na baya da ya haura mako 2 yana hana ki barci, da tarin da ya ƙi tafiya, da numfashi sama-sama, da ciwon kai mai naci, da rama ba dalili.

Sai maganar ƙwayar tamoxifen da aka ɗora ki a kai. Na ji kina ƙorafin zufa da zafin da ke taso miki cikin dare, kuma na san akwai wuya, amma ita ce ke tare sinadarin jikin mace da irin sankararki ke girma da shi, kuma shekara 5 zuwa 10 ake shan ta. Kada ki daina don wata ta kawo miki jiƙo ko garin magani daga masu shela a mota. Idan kin ga jinin da ba na al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ki sanar da likita a ranar. Bai kamata a ɗauki ciki ana shan ta ba, saboda haka in dangin miji suka taso da zancen haihuwa, ku je wurin likita ke da maigidanki, ya ji da kunnensa.

Ki daina ɓoye wa maigidanki abin da ke ranki, domin ƙanwarki ta ce shi ma ya rame da tunani. Idan rashin barcin ya ci gaba, ki faɗa wa likitar kai tsaye a haɗa ki da masu ba da shawara kan damuwa, babu abin kunya a ciki. Addu'a da azkar kuwa ki riƙe su tare da maganin.

Ki nemi a sake ba ki rana a cikin makon nan, ki rubuta tambayoyinki a takarda, sannan ki sanar da ni. Babanku ya ce zai kawo ni in raka ki. Yana gaishe ki, a shafa mini kan yara.

Allah Ya ƙara miki lafiya.

Mahaifiyarki.