Ba Amurka kaɗai ta rusa Tarayyar Sobiyet ba

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, na karanta rahoton da kuka buga kan rushewar Tarayyar Sobiyet, inda aka ɗora kusan komai a kan Amurka. Ban musanta cewa gasar ƙera makamai da yaƙin Afganistan na 1979 zuwa 1989 sun tsotse tarayyar ba. Amma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tarayyar Sobiyet, duk da gonakin Yukren da ke hannunta a lokacin, ta daɗe tana sayen hatsi daga waje da kuɗin man fetur, sai ga farashin man ya faɗi warwas a 1986. Kawuna da ya yi karatu a Mosko ya sha ba mu labarin layin nama cikin tsananin sanyi, wani lokaci naman ya ƙare kafin a zo kansa. Kuma shugabannin Rasha, Yukren da Belarus ne da kansu suka sa hannu kan wargaza tarayyar ranar 8 ga Disamba 1991, tun Gorbachev, shugaban tarayyar, bai yi murabus ba.

Ina roƙon jaridarku ta nemo 'yan Arewa da suka yi karatu can, ta tattauna da su tun suna da rai.

Naku mai karatu,
daga Zariya.