Wasiƙa Zuwa ga Iyaye: Lambar da Yara Ke Kira "Gagara-Raba"

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Wasunku sun tare mu a bakin ƙofar makaranta nan Garwa suna tambaya, me ya sa yara suke kasa gyaɗa da wake a tsakar gida suna cewa aikin makaranta ne. Gaskiyarsu ne, malamin lissafi ne ya sa su.

Darasin a kan abin da littafinsu na Faransanci ke kira nombre premier ne, yaran kuma suka laƙaba masa suna "gagara-raba". Ku ɗauki goro bakwai. Ba ya rabuwa daidai tsakanin mutum biyu, uku, har zuwa shida, sai an fasa. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe, ko mutum bakwai kowa ya ɗauki ɗaya. Haka 2, 3, 5, 11 da 13 suke.

Wadda ta fi ɗaukar hankalin masu shirin jarrabawar BEPC ita ce 2,147,483,647. A jera 2 sau 31, a yi ta ninkawa, a cire 1, ita ke fitowa. Irin waɗannan ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan wani malamin coci na Faransa da ya rasu a 1648. Ita ce ta takwas a jerin gagara-raba na wannan gida, kuma gata biyu gare ta, domin 31 ɗin ma ɗiyar gidan ce: a jera 2 sau 5 a ninka, 32 ke nan, a cire 1. Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, shi ya tabbatar ba ta rabuwa a 1772, babu na'ura, ga shi idonsa ya riga ya tafi. Wannan muke tuna wa masu kukan ba su da kalkuleta.

Amma hanyar ba kullum take ɓullewa ba. Yara da yawa sun rantse 2,047 ma haka take, tunda 2 ce aka jera sau 11 aka yi ta ninkawa aka cire 1, sai ga shi 23 sau 89 ce. Mun fi murna da wannan tuntuɓen fiye da haddar sunaye, don ya koya musu gwadawa kafin yarda.

Wata gagara-raba ta gidan Mersenne da aka gano a Oktoban 2024 kuwa, alƙalumanta 41,024,320 ne. Mai rubuta ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya haura shekara da wata uku. Kada a ce wasa ne kawai: manyan gagara-raba na cikin abin da ake kulle sirrin banki da saƙonnin intanet da shi.

Roƙonmu, a ba kowane yaro ƙwayar wake ɗari, ko tsakuwa idan waken na tukunya ne, ya nemo gagara-raba 25 da ke ƙasa da 100. Don Allah yayye su bar ƙanne su yi da kansu. A kawo littafin aikin ranar Litinin da sa hannun uba, uwa ko mai riƙo.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka.

Shugaban makaranta